Yaya zan ba PS4 intanet daga kwamfutar shago? Modem ɗina na USB ne

Baban_Amira

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka mini da shawara.

Ina da ɗan shago a ƙofar gida nan Kano, wajen Hotoro, inda nake buga takardu, hoton kwafi, cike fom na JAMB da NECO da makamantansu. Kwamfutar da nake aiki da ita ta tebur ce, HP, tana kan Windows 10, kuma ba ta da Wi-Fi ko kaɗan. Intanet ɗinta daga modem ne na Huawei, irin wanda ake sa wa layi a cusa shi a ramin USB. Da yake sabis ba ya shiga cikin shagon sosai, na sayo doguwar igiyar USB na ɗaure modem ɗin da roba a jikin ƙarfen taga. A can yake kama 4G yadda ya kamata. Wannan layin nake zuba wa data ta wata, kuma kusan kowane wata sai ta yi saura.

To ƙanina da ke bautar ƙasa a Ibadan ya bar mini injin gem ɗinsa, PS4, da zai tafi, can ya haɗa kuɗi ya sayi wata. Tsohuwar ce, mai kaurin nan ta farkon fitowa. Tun da ya tafi yake damuna in haɗa ta da intanet mu riƙa buga wasan ƙwallo na eFootball da daddare, wai ya ga ko har yanzu ina iya tsare gida. Ni ma ina so, don in na rufe shago bayan isha'i ba abin da nake yi sai kallon silin.

Na cire modem ɗin na cusa a ramin USB na gaban PS4. Fitilarsa ta kama, amma injin bai ma san da zamansa ba. Na koma hosfot ɗin wayata. Ya yi, sai dai wayar tana ɗaukar zafi, caji yana zuba, kuma da zarar an kira ni wasan ya yanke. Mai shago kuwa ba ya kashe waya, ko ƙarfe goma na dare wani zai kira ya ce gobe da asuba yake son takardarsa. Ga shi kuma datar waya daban nake saye, alhali ga wata can a taga tana jiran ranar mutuwarta.

Na leƙa bayan kwamfutar na ga ramin kebul ɗin netwok, a bayan PS4 ma akwai irinsa. Shin zai yiwu in haɗa su da kebul, kwamfutar ta sammata intanet ɗin da take samu daga modem? Wane irin kebul zan saya? Wani yaro a layinmu ya ce dole sai wanda ake kira crossover. Kuma don Allah a gaya mini idan abin zai taɓa aikin shago, don lokacin rajista ne, ba zan iya wasa da wannan kwamfutar ba.

ƊanSamaru

Wa alaikumus salam Malam Baban Amira. Zai yi, kuma ba abin da zai sami aikin shagonka. Windows tana da wannan tun 1999, zamanin Windows 98 fitowa ta biyu, sunansa Internet Connection Sharing. Ita PS4 ba a yi ta da manhajar gane modem na USB ba, shi ya sa ta ba shi wuta kawai ta ƙyale shi.

Yaron da ya ce maka crossover bai yi ƙarya ba, amma zancen da ne. A can baya in za a haɗa na'ura biyu kai tsaye sai an juya wayoyin cikin kebul ɗin. Ramin PS4 na gigabit ne, da kansa yake gane kebul ɗin da aka sa masa ya daidaita. Ka shiga Farm Centre ko Beirut Road ka ce a ba ka kebul ɗin LAN, Cat5e ko Cat6, a yanka maka tsawon da kake so a matse maka kawunan biyu. Ka sa a gwada shi a gabanka da ɗan injin gwajin nan, fitilu takwas su kama a jere. Har mita 100 yana kai saƙo lafiya, saboda haka ko cikin gida za ka ja shi ba matsala.

In ka dawo, ka fara tabbatar da kwamfutar tana buɗe shafuka kamar kullum. Ka haɗa kebul ɗin daga bayanta zuwa bayan PS4, ka kunna PS4 ɗin. Sai ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl ka danna Enter. Shafi zai buɗe da hotunan hanyoyin netwok da kwamfutar take da su.

A nan mutane suka fi ruɗewa, don haka ka nutsu. Yawancin modem ɗin Huawei na 4G, waɗanda in ka cusa su shafi yake buɗewa a burauza a 192.168.8.1, ba sa bayyana da sunan modem. Windows tana ɗaukarsu a matsayin katin netwok, sai ka ga Ethernet da Ethernet 2 suna kallonka. Duba ƙaramin rubutun da ke ƙasan kowanne. Mai Remote NDIS shi ne modem, mai Realtek ko Intel shi ne ramin da ke bayan kwamfuta. In rubutun bai fito maka ba, zare modem ɗin ka ga wanne zai ɓace, sannan ka mayar.

Wanda yake da intanet, wato modem, shi za ka danna da maɓallin dama na maus, ka shiga Properties, ka hau Sharing. Ka sa alama a akwati na farko, wanda ya fara da Allow other network users. In ya ba ka wurin zaɓi a ƙasa, ka zaɓi ramin bayan kwamfutar. In bai ba ka ba, kada ka damu, don shi kaɗai ne ya rage shi ya sa ba a tambaye ka ba. Ka danna OK.

Daga nan Windows za ta ba ramin baya adireshin 192.168.137.1, ta kuma fara raba adireshi ga duk abin da aka haɗa a wurin. Za ka ga an rubuta Unidentified network a ƙarƙashinsa, wani lokaci har da cewa babu intanet. Haka yake, ba lalacewa ba ce, kada ka ce za ka gyara.

A PS4 kuma: Settings, Network, Set Up Internet Connection, Use a LAN Cable, sai ka zaɓi Easy. In ta gama ka yi Test Internet Connection. Layin farko, Obtain IP Address, shi ne zai gaya maka ko kwamfutar ta yi aikinta. In ya faɗi, ka koma ka zaɓi Custom da Manual ka rubuta da hannu: adireshi 192.168.137.50, subnet 255.255.255.0, gateway 192.168.137.1, DNS na farko 8.8.8.8, na biyu 8.8.4.4, waɗannan na Google ne. MTU ka bar shi Automatic, Proxy kuma Do Not Use.

Abu biyu suka rage. Ka hana kwamfutar barci a Power & sleep, don in ta yi barci wasa ya ƙare, allon kaɗai za ka iya barin ya mutu. Sannan in kana da riga-kafin bairos wanda ba na Windows ba, mai nasa shingen, shi ne abin zargi na farko in komai ya yi daidai amma PS4 ta ƙi samun adireshi.

Lamba10

Yaya Baban Amira, abin da Oga ƊanSamaru ya faɗa shi ne magana. Ni dai ƙari zan yi. In ba ka son jan kebul, akwai ɗan Wi-Fi na USB da ake sayarwa, ƙarami sosai, ka cusa a kwamfutar ka kunna Mobile hotspot a cikin Settings. Windows 10 ta zo da shi tun 2016, yana ɗaukar na'ura har takwas. Amma ka lura, PS4 mai kauri, wadda lambarta ta fara da CUH-10, 11 ko 12, Wi-Fi na 2.4 GHz kawai take gani. Slim da Pro da suka fito 2016 su ne suke ganin 5 GHz. In hosfot ɗin yana kan 5 za ka yi ta nema ba za ka ga sunansa ba.

Duk da haka ni kebul nake ba ka shawara. A ƙwallo ba yawan gudun da gwaji ya nuna ne abin ji ba, a'a, ka danna fasin ɗan wasa ya buga a lokacin. Wi-Fi ɗin tsohuwar PS4 ba shi da ƙarfi, a unguwa mai cunkoso kuma kowa da hosfot ɗinsa a kan 2.4, sai ka ga mai tsaron gidanka ya tsaya yana tunani an wuce shi.

Kiran da yake yanke maka wasa a waya kuma, yawanci don wayar tana sauka daga 4G ta koma 3G ko 2G ne ta amsa kiran. Da modem ka huta da wannan.

Albishirinka: eFootball kyauta ne tun da Konami suka sauya masa suna daga PES a 2021, kuma wasannin kyauta ba sa buƙatar PS Plus, rajistar Sony ta kuɗi, kafin a buga da mutane. Amma ranar da ƙaninka ya ce ku koma EA FC, wanda ya gaji FIFA a 2023, to nan sai ka biya.

MaiGidanGem

Malam, kafin ka cusa kebul ɗin nan ka tsaya ka kira ƙaninka. Sana'ata ke nan a Kaduna, injina na haya nake da su yara suna bugawa, kuma abin da zan faɗa maka shi ya fi sa mutane kuka, ba saitin Windows ba.

Tambaye shi yadda wasannin da ke cikin injin suka shiga. In faifai yake sa wa, ko da akawun ɗinsa ya saya, ba komai, haɗa abinka. Amma da yawa daga PS4 da ake sayarwa na hannu a kasuwanninmu an buɗe su ne an zuba musu wasanni, kuma buɗewar tana tsaye ne a kan tsohuwar manhajar injin. PlayStation Network ba ya barin ka shiga sai kana kan sabuwa. Da ka amince ta sabunta, wasannin nan duk sun rufe, kuma ba a komawa baya. Akwai kuma waɗanda aka zuba musu da akawun ɗin wani mutum daban. Su ma ana iya wayar gari a ga ɗan hoton kwaɗo a jikin kowane wasa bayan an hau intanet, in mai akawun ɗin ya cire injin daga nasa. Mutum ya zaɓa tun wuri: ko wasannin da aka zuba, ko buga wasa da mutane. Ba a haɗa biyun.

Na biyu, data. Ka ce tana yin saura. Za ta daina. Buga wasan kansa ba ya cin abin a zo a gani, saukar da sabuntawa ce take cinyewa. Wasa ɗaya yana iya neman gigabait da yawa a dare guda, Call of Duty ya taɓa haura gigabait 100 a faifan injin. PS4 kuma in ta ga kebul ɗauka take yi intanet ɗin gida ne mara iyaka, ba ta san da modem a taga ba. Tun da NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba abin wasa ba ne. Shiga Settings, System, Automatic Downloads ka cire duk alamomin. Ka shiga Power Save Settings, wajen abubuwan da ke aiki a Rest Mode, ka cire Stay Connected to the Internet. In ba haka ba, kana barci tana sauke kaya, da safe mai JAMB ya zo ka ga shafi ya ƙi buɗewa.

In wasa ya nemi sabuntawa, ka duba girmanta a Notifications kafin ka bar ta ta ci gaba, ka ajiye manyan sai dare da tsarin datar dare. Ita kuma manhajar injin kanta ana iya sauko da ita a wani wuri a zuba a filash: ka buɗe folda PS4, cikinta folda UPDATE, fayil ɗin sunansa PS4UPDATE.PUP. Ni sau ɗaya nake saukewa in zagaya da shi duk injinan.

A ɓangaren kwamfutar ma ka sa modem ɗin a matsayin metered connection don Windows ta rage nata sauke-sauken. Wannan ita kaɗai yake ja wa birki, bai shafi PS4 ba.

Baban_Amira

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Alhaji MaiGidanGem na kira shi, ya ce faifai biyu ne a cikin jakar, sauran da akawun ɗinsa ya sauke, ba a taɓa buɗe injin ba. Na cire alamomin da ka ce kafin ma in haɗa kebul.

Malam ƊanSamaru, kamar kana tsaye a bayana. Ethernet da Ethernet 2 na gani, na biyun ne mai Remote NDIS. Na yi yadda ka ce, Easy kawai na zaɓa, layukan gwajin suka riƙa fitowa Successful ɗaya bayan ɗaya. Firinta da komai na shago suna aiki kamar da. eFootball ya nemi sabuntawa, na bar shi ya kwana yana yi. Na buga da wasu mutane da ban san daga ina suke ba, wani ya ɗura mini ƙwallaye har na ji tausayin kaina, amma wasan bai tsinke ba, kuma an kira ni a waya a tsakiyarsa ban ko girgiza ba.

Matsala biyu ce ta taso. Ta farko, washegari da rana aka ɗauke wuta, kwamfutar ta mutu. Da daddare na kunna komai, ita tana da intanet, amma PS4 ta ce Obtain IP Address Failed. Na duba Sharing, alamar tana nan daram. Sai da na cire ta na danna OK na sake sawa sannan ya dawo. Kullum haka zan riƙa yi? Nan unguwar ɗauke wuta ba labari ba ne.

Ta biyu ita ta fi damuna. A gwajin an rubuta NAT Type 3. Da baƙi ina haɗuwa, amma ni da ƙanina da aka yi abin dominmu, wani lokaci mu haɗu, wani lokaci ya yi ta juyawa ya fasa. Hirar murya ta Party kuwa ko sallamarsa ban ji ba, injin ya ce matsalar NAT ce. Shi ma da na tambaye shi ya duba, 3 ne, da hosfot ɗin waya yake. Na ga bidiyo a YouTube wani yana cewa a buɗe wasu ports a saka lambobi. A ina zan saka su, a Windows ko a modem?

ƊanSamaru

Madalla. Ta farko mai sauƙi ce. Raba intanet ɗin ba ya farfaɗowa da kansa bayan kwamfuta ta mutu ta tashi sai an gaya masa, kuma Microsoft sun wallafa yadda ake yi. Danna Windows da R ka rubuta regedit. Bi wannan hanyar: HKEY_LOCAL_MACHINE, SOFTWARE, Microsoft, Windows, CurrentVersion, SharedAccess. A fili na dama ka ƙirƙiri sabon DWORD mai 32-bit, ka sa masa suna EnableRebootPersistConnection, harafi da harafi yadda na rubuta, ka ba shi lamba 1. Sannan ka buɗe services.msc ka nemo Internet Connection Sharing ka mayar da Startup type ɗinsa Automatic, ka sake kunna kwamfutar. Kada ka taɓa wani abu daban a regedit. In hankalinka bai kwanta ba saboda lokacin rajista ne, cirewa da mayar da alamar da kake yi ba ya ɓata komai, ka ci gaba da shi har aiki ya lafa.

Kuma ka bar igiyar modem ɗin a rami ɗaya. In ka sauya mata ramin USB, Windows tana iya ɗaukarsa sabon kati ta kira shi Ethernet 3, shi kuwa ba a sa masa Sharing ba.

Ta biyu kuma, gara in gaya maka gaskiya tun yanzu kada ka ɓata dare: lambobin nan na YouTube da wuya su yi maka amfani. Masu bidiyon yawanci intanet ɗin kebul na ƙasa suke da shi a gida, kowane gida da adireshinsa na waje. Kai ba haka kake ba.

Ɗauki babban gidan haya mai ɗakuna da yawa, ƙofa ɗaya, maigadi ɗaya. In ɗan haya ya aika yaro waje ya sayo abu, maigadi ya ga fitarsa, in ya dawo zai bar shi ya shiga. Amma baƙon da ba wanda ya aika a kira shi, in ya zo ya ce ɗaki kaza yake nema, ba zai wuce ba. NAT ke nan. Kai masu gadi uku ne a gabanka. Windows ta sa PS4 a 192.168.137, modem ya sa kwamfutar a 192.168.8, shi kuma kamfanin layin ya sa modem ɗinka da na ɗimbin mutane a bayan adireshi guda. Biyun farko a hannunka suke. Na ukun ba ka da iko da shi, kuma shi ne mai tsaurin.

Dalili kuwa adireshin intanet irin na da, IPv4, kusan biliyan 4.3 ne kacal, babban rumbunsu na duniya ya ƙare tun Fabrairun 2011. Kamfanonin layin waya ba su da wanda za su ba kowane kwastoma nasa, sai suke haɗa jama'a. Kana iya gani da idonka. Buɗe 192.168.8.1, ka nemi Device information, ka duba WAN IP. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to na cikin gida ne. Ka tambayi Google adireshinka ka gwada su, za ka ga sun bambanta. Har Starlink, da ya shigo Najeriya a 2023, haka yake yi wa masu tsarin gida.

Shi ya sa kake haɗuwa da baƙi amma ƙaninka yana wahala. In wasa ya bi ta sabar kamfani, kai ne kake fita, ba mai hana ka. In kuma injin biyu ne za su yi magana kai tsaye, dole ɗaya ya iya karɓar baƙo. Mai 3 da mai 3 su suka fi kowa shan wuya, don dukansu ƙofa a rufe take.

Abin da za ka iya gwadawa, daga mai sauƙi: ba duk kamfanoni ne tsaurinsu ɗaya ba, wani layin yakan ba da Type 2. In modem ɗinka buɗaɗɗe ne, ari layin wani kamfanin ka sa ka sake gwajin. Shi ma ƙaninka ya gwada. Ko ɗayanku ne ya samu 2 abin yakan yi sauƙi. Sannan kana iya rage mataki ɗaya: ka cire alamar Sharing, ka zaɓi Ethernet ɗin biyu tare, ka danna dama ka zaɓi Bridge Connections. In ya karɓa, PS4 za ta sami adireshi daga modem kai tsaye, 192.168.8 da wani abu, sai ka kunna UPnP, saitin da ke barin injin ya buɗe wa kansa ƙofa, a shafin modem in yana da shi. Da irin wannan modem ɗin wani lokaci yana yi, wani lokaci kwamfutar ce take rasa intanet. In hakan ta faru ka goge gadar ka koma Sharing. Ni ba zan yi wannan a ranar aiki ba.

Lamba10

Oga, VPN fa? Abokina yana kunna shi a laftof ya raba wa PS4.

ƊanSamaru

Ana yi. In ka kunna VPN, manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta sabar wani kamfani, wani kati yake ƙaruwa a ncpa.cpl, shi za ka sa wa Sharing maimakon modem. Amma ka tuna saƙonka sai ya je sabarsu, galibi a Turai, kafin ya dawo. Daga Kano ya gangara Legas, ya shiga kebul ɗin ƙarƙashin teku irin su MainOne da WACS, ya je ya dawo, don kawai ya isa Ibadan. Na kyauta kuma cike suke da jama'a, su ma a bayan NAT suke ajiye ka. Wanda zai buɗe maka ƙofa na kuɗi ne. Ga mai buga ƙwallo jinkirin da zai ƙaru ya fi abin da zai samu.

Baban_Amira

Na duba, WAN IP ɗin da 10 ya fara, ba shi da alaƙa da wanda Google ya nuna. Na ari layin Maman Amira, na wani kamfanin ne, na sa a modem. Type 2 ya fito! Muka buga da yaron wasa biyu ba tangarɗa, har muryarsa na ji yana yi mini dariya, ya ci na farko 3 da 1, na biyun muka yi canjaras. Sai dai wannan layin sanda biyu kawai yake kamawa a tagar, ba zai riƙe aikin shago ba, kuma mai layin ta aiko a karɓo mata tun kafin a tashi wasa na biyu.

Yanzu abin da nake tunani, in sayi layin wannan kamfanin na gem kawai. Amma sauya layi a modem kowane dare aiki ne, ga shi in babu wuta da inbata nake, kwamfuta da PS4 da talabijin tare ba sa barin batirin ya kai ko'ina. Alhaji, kai yaya kake yi a wajenka?

MaiGidanGem

Ni ba kwamfuta a tsakani. PS4 mai kauri ita kaɗai tana jan fiye da wat 100 in ana wasa, ka ƙara kwamfutar tebur a kai don kawai ta miƙa mata intanet, batirinka ne yake biya. Rauta mai cin layi nake amfani da ita, wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba. Irin su Huawei B315 ko TP-Link MR6400, kowacce tana da ramukan LAN a baya, kebul ɗin da ka riga ka saya shi za ka cusa. Eriyarta ta fi ta ɗan modem, layin da ya ba ka sanda biyu yana iya ƙaruwa in ka ɗora ta sama kusa da taga. Ka bar modem ɗin shago da layinsa yadda suke, datar rajista daban, ta gem daban.

In kuɗin bai kai ba, akwai ƙaramar TP-Link MR3020 da ake cusa wa modem na USB, amma ba kowane modem take karɓa ba. Ka tafi da naka kasuwa, da layin da kake son amfani da shi, a kunna a gabanka ka ga ya hau kafin ka biya. Rautar mai cin layi ma ka tambaya ko buɗaɗɗiya ce, don wasu an kulle su a kan kamfani ɗaya.